Neman shawara: in sayar da filina in nemi lasisin kaina a harkar Umara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan. Ina harkar tafiye-tafiye a Kano: tikiti, bizar Umara da kama masauki. Ba ni da lasisi, a ƙarƙashin wani babban kamfanin jirgin yawo nake. Ni ke nemo mutane, su ke fitar da biza da tikiti, in ɗora la'adata a kai. Ofis ɗaya ne da yara biyu. Alhamdu lillahi jama'a sun yarda da ni, ban taɓa tara matafiya kamar na azumin da ya wuce ba. Amma bayan sallah da na duba asusu, abin da ya rage ko hayar ofis ba zai biya ba. Ga kuma mutum uku da bizarsu ba ta fito ba, har yau suna bina kuɗinsu. A ganina ƙarancin jari ne da zama a ƙarƙashin wani, su ke kwashe romon. Ina da fili a bayan gari, kuma wani abokina ya ce zai zuba kuɗi mu yi tarayya. In sayar da filin in nemi lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, da rajistar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko in karɓi kuɗin abokin? Masu ilimin abin ku taimaka.

Wani ɗan'uwa: Allah ya rufa asiri. Muna nan muna jiran manya su yi magana.

Ma'aikaciyar banki: Ƙanena, kafin mu je ga fili, amsa min wannan. Asusu nawa gare ka? In maniyyaci ya turo kafin alƙalami, ina yake faɗawa? Cefanen gida da kuɗin makarantar yara kuma daga ina suke fita?

Mai tambaya: Yaya, asusu ɗaya ne, da sunana. Komai nan yake shiga, nan yake fita. Amma ina riƙe da lissafin a kaina.

Ma'aikaciyar banki: To ka ga inda gizo ke saƙar. Kai ba ka san ribarka ba, kuma wanda bai san ribarsa ba bai isa ya ce wani ne ke cinye ta ba. Harkarku tana da yaudara ta musamman: kuɗi na shigowa tun Rajab, amma sai Ramadan ake kashe su. Wata biyu kana kallon miliyoyi a waya, zuciya tana gaya maka kai mai kuɗi ne, alhali mafi yawansu na kamfanin jirgi ne da na masu otal a Makka. Naka shi ne 'yar la'adar da ke sama, ita ma ba ta zama taka sai mutum ya je ya dawo.

Abin da zan ce ka yi a makon nan: in ba ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba, ka yi. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Sai ka buɗe asusu biyu da sunan kamfanin. Na farko na matafiya ne, ba ya biyan komai sai tikiti da biza da masauki da mota, ko katin cire kuɗi kada ka karɓa a kansa. Na biyu na ofis ne, la'ada ce kawai ke shiga. Daga na biyun za ka yanka wa kanka albashi, adadi ɗaya, rana ɗaya a wata, kamar yadda kake biyan yaranka. In ruwa kake gudu, ga Jaiz ga TAJ ga Lotus, duk suna buɗe asusun kasuwanci. Sannan ka nemi takardar shige da ficen asusunka ta shekara guda, ka zauna da biro ka ware kowane layi: na matafiyi, na ofis, na gida. Ranka zai ɓaci, amma a nan za ka ga inda kuɗin mutum ukun nan suka tafi.

Tsohon ejan: Ɗana, na tsufa a wannan sana'ar, bari in gaya maka abin da lasisi yake da abin da ba shi ba. Lasisi ba ya kawo riba, nauyi yake ƙarawa. Rajistar IATA tana nufin za ka riƙa yanka tikiti da kanka, amma sai ka kawo lamunin banki, wato takardar da banki zai tsaya maka, kuma duk tikitin da ka yanka akwai ranar da dole kuɗinsa su shiga ta tsarin da ake kira BSP. Ba ruwansu da cewa Alhajin da ka yanka wa bai biya ba tukuna. Ka saɓa, su rufe ka, su faɗa kan lamunin. Kamfanonin jiragen kuma sun daɗe da zaftare kamashon da suke ba ejan, abin da ake ci yanzu shi ne ladan aikin da ka ɗora wa matafiyi. Wannan kuwa kana ɗora shi ko a ƙarƙashin wa kake.

Na NAHCON ma haka ne. Akwai kuɗin ajiya, akwai takardun haraji, akwai binciken asusu, kuma a 'yan shekarun nan ana haɗa ƙananan kamfanoni ne a ƙarƙashin manya ƙalilan wajen aikin Hajji. Wato kana iya sayar da fili ka sami lasisi, ka waiwaya ka ga har yanzu a inuwar wani kake. Ga kuma masu zuwa Umara su ɓace su zama takari. A 2025 Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal dubu 100 a kan kamfanin da bai kai rahoton wanda ya wuce wa'adinsa ba, kuma irin wannan asara gangarowa take yi har ta iso kan wanda ya kawo mutumin.

Ka tuna 2020. Ƙarshen Fabrairu aka dakatar da Umara saboda korona, Hajjin shekarar da na 2021 ba wanda ya je daga waje. Na ga abin da ya faru da idona. Waɗanda kuɗin mutane ke ajiye a hannunsu sun mayar, sun rufe ofis, aka buɗe hanya suka dawo, jama'a suka bi su. Waɗanda suka saba biyan bashin bara da kuɗin bana kuwa, da kuɗin bana suka daina shigowa sai asiri ya tonu. Wasu har yau ba sa iya zuwa ɗaurin aure a unguwarsu. Mutanen kirki ne da yawansu, ba da niyyar cuta suka fara ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba.

Ɗan canji a Wapa: Baba ya gama magana, ni lissafi kawai zan ƙara. Kana karɓar naira, kana biya da riyal da dala. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ne dala ɗaya tun 1986, don haka duk abin da ya sami naira a gaban dala ya same ta a gaban riyal. A Yunin 2023 da Babban Banki ya saki naira, dala a farashin gwamnati ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 750, kafin Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Ɗauki misali: masaukin riyal 5,000. Dala tana 750, riyal naira 200 ne, kuɗinsa miliyan ɗaya. Dala tana 1,500, riyal 400 ne, miliyan biyu. Ɗakin bai canza ba, kai ne ka yi wa mutum alƙawari da tsohon farashi. Hukumar Alhazai da kanta abin ya cim mata a 2024, an sa kujera naira miliyan 4.9, daga baya aka ce maniyyata su ciko miliyan 1.9. In hukuma ta ce a ciko ana surutu a ciko. Kai ka ce a ciko, ɓarawo za a kira ka.

Don haka ranar da kuɗi suka shigo, ranar za ka biya otal ko ka canza su. Kada ka riƙe naira kana jiran dala ta sauko, caca ce da dukiyar wani. Wani lokaci tana saukowar, na sani, amma ba aikinka ba ne. Kuma ka rubuta a takardar da matafiyi zai sa hannu cewa farashin na kwana kaza ne.

Wani matashin ɗan kasuwa: Ni dai ban yarda da wannan tsoratarwar ba. Fili ba ya haihuwa. Duk manyan da muke gani sai da suka yi kasada. In ya zauna yana ƙirga la'ada har ya tsufa yana yi wa wani bauta. Ɗan'uwa ka sayar ka shiga da ƙarfinka, kasuwar Umara kullum ƙaruwa take.

Tsohon ejan: Yaro, ban ce kada ya girma ba. Cewa na yi ba yanzu ba. In ya sayar da filin yau, kuɗin asusun nan guda za su faɗa, a biya mutum uku, a biya haya, a yi hidimar gida, ragowar ba za ta kai lamunin banki ba. Ya rasa fili, bai sami lasisi ba. Ya yi azumi biyu da littafi tsaf, ya san abin da kowane matafiyi ke bar masa, sannan a yi maganar. Banki ma takardun nan zai fara tambaya.

Wani matashin ɗan kasuwa: Azumi biyu ya yi yawa, Baba, amma na ji batun takardun.

Malam: Bismillah. Kuɗin da mutum ya ba ka don ka kai shi Ɗakin Allah, kai wakili ne a kansu, ba mai su ba. Juya su a wata harka ko cefane da su ba da izininsa ba bai halatta ba, ko da kana da niyyar mayarwa. Mutum ukun nan su ne farkon abin da ke kanka, kafin lasisi, kafin sabon ofis. In har babu wata hanyar biyansu sai filin, to a nan sayar da shi ya zama dole, amma don sauke nauyi, ba don faɗaɗa kasuwa ba.

Batun aboki kuma, in shi zai kawo kuɗi kai ka yi aiki, wannan shi ne ƙiradi. Sharaɗinsa a raba riba da kaso, rabi ko sulusi ko yadda kuka daidaita. Ba a cewa zai riƙa karɓar naira kaza duk wata ko an samu ko ba a samu ba. In asara ta zo ba da sakacinka ba, a kan dukiyarsa take, kai wahalarka ce ta tafi. To ta yaya za ku raba ribar da ba a san adadinta ba? Ku rubuta komai da shaidu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Haka zakka, kuɗin matafiya ba sa cikin abin da za ka ƙirga. Wallahu a'alam.

Hajiya mai kaya a Kwari: Ƙanena, ni ta ɓangaren masu biyan ku zan yi magana, kuma zan taɓo abin da kowa ya kauce masa. Mai harkar Makka a garin nan ana yi masa kallon wanda kuɗi ba sa yanke masa. Ɗan'uwa zai zo a yanka masa tikiti sai ya dawo ya biya, surukai na jiran kujera, abokai na jiran a ga sabuwar mota. In ba ka koyi cewa babu ba, ko rijiyar mai aka ba ka sai ta ƙafe. Ka ware abin taimako daga albashinka, in ya ƙare ya ƙare. Za a yi fushi wata ɗaya a huce. Ka kuma zaunar da maiɗakinka ka gaya mata gaskiyar abin da kake samu, da yawa mata ba su san kuɗin da suke gani ba na gidan ba ne.

Sannan kada ka jingina da azumi kaɗai. Mu 'yan kasuwa muna zuwa Guangzhou, musamman lokacin baje kolin Afrilu da Oktoba, akwai masu zuwa Alƙahira asibiti, akwai ɗalibai. La'adarsu ba ta kai ta Umara ba amma ita ke biyan haya a watannin da babu kowa. Kuma ka koyi aikin da hannunka, manhajar yanka tikiti da Nusuk, manhajar Saudiyya ta Hajji da Umara, da ɗan Larabcin ciniki da masu otal. Ejan ɗin da nake hulɗa da shi ba shi ne mafi sauƙin farashi ba. Ina komawa ne don in jirgi ya canza lokaci shi ke fara kira na, ba ni ke nemansa ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na fasa batun lasisi a bana, gobe zan je banki in karɓo takardar asusun. Abu ɗaya ya rage, Baba. Mutum ukun nan na daɗe ina ce musu kamfani ne bai dawo da kuɗin ba, alhali ya dawo da wani ɓangare. Yaya zan tunkare su?

Tsohon ejan: Kada ka yi ta waya. Ka je gidan kowannensu da ƙafarka, ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa. Ka riƙe abin da ya samu a hannunka ko da kashi ɗaya cikin huɗu ne, ka gaya masa adadin da kamfani ya dawo da shi da wanda bai dawo ba, ku rubuta ranakun da za ka cika. Ka sa ranar da ka tabbata za ka iya, ba wadda za ta yi masa daɗin ji ba. Filin kuma ka sa dillali ya kimanta shi tun yanzu, in wa'adin farko ya matso ba ka haɗa ba, ka san abin da za ka yi. In ka karɓo takardar bankin ka neme ni ta akwatin saƙo, zan nuna maka yadda nake ja layukan littafina.