Wai an sayar masa da RAM na jabu

Baban Khalifa: Jama'a, yau raina a ɓace yake. Sabar ofishinmu, wato babbar kwamfutarmu, RAM 64GB gare ta (inda take riƙe abin da take aiki a kai), na ce bari in ƙara mata, na sayo guda huɗu masu 32GB, nau'in DDR4. Na kashe ta, na zare wuta, na soka su, na kunna. Fanka sai ihu take, allo baƙi ƙirin. Da na cire sababbin ta tashi lafiya lau. Mai kayan kuma ya ce ba ya karɓar abin da aka ɓare. Wallahi jabu ya sayar min.

Mai Kayan Gyara: Malam, a bi kalmar jabu a hankali. Da na'ura ta ƙi tashi sai a ɗora wa ɗan kasuwa. Ka gwada su a wata kwamfutar kafin ka rantse?

Baban Khalifa: Abin da ba ya aiki sunansa me?

Mai Kayan Gyara: Sunansa wanda bai yi maka aiki ba. Jabu shi ne a kankare tambari a liƙa wani, ko a rubuta 32GB alhali 8 ne a ciki.

Maman Ilham: Baban Khalifa, duba takardar da ke manne a jikinsu. Bayan PC4 da lambar sauri akwai ɗan layi (-), sai harafi. In R ne, RDIMM ke nan, mai ɗan guntun rajista a tsakiya da ke rage wa furosesa nauyin sarrafa su. In U ne ko E, UDIMM ne, marar wannan guntun. Duka ƙafa 288 gare su, ramin zai karɓe su ba gardama, amma ba sa zama tare a na'ura ɗaya. Na cikin sabar wane harafi ne?

Oga Sabo: Ni a wurina duk wanda ya sayar maka da na hannu a matsayin sabo, jabu ya ba ka.

Mai Kayan Gyara: Wa ya ce na hannu ne? Kuma na hannu daban, jabu daban. RAM ba taya ba ce da za ta suɗe.

Oga Sabo: Dole ka ce haka, sana'arku ɗaya.

Mai Kayan Gyara: To kai ma bara wa ya soka DDR3 a ramin DDR4 har ya karya maƙalli? Tsagar ma ba wuri ɗaya take ba, amma ka danna da ƙarfin tsiya.

Oga Sabo: Yaron shagona ne ya yi, kuma ka sani.

Ɗan Linux: Ku tambaye shi me ke kan sabar tukuna. Windows Server 2008 R2 Standard ba ya ganin abin da ya wuce 32GB, ko ka cika ramukan duka. Da Linux ne da ba a yi wannan zancen ba.

Maman Ilham: Ɗan'uwa, na'urar ko BIOS, matakin farko na tashinta, ba ta wuce ba, ina ruwan Windows? Kuma ya ce 64GB take aiki da shi.

Ɗan Linux: Na dai faɗa ne don masu koyo.

Oga Sabo: Wannan ECC ɗin ma, wai RAM mai gyara kuskure, da ake ta kururutawa dabarar cin kuɗi ce. Shekara nawa ina amfani da RAM na gama-gari, ban ga komai ba.

Maman Ilham: Ai rashin ganin shi ne matsalar. Na gama-gari bit 64 yake turawa, mai ECC a DDR4 72, ƙarin takwas ɗin su ke gyara kuskuren bit ɗaya, su gano na biyu. In babu su, lamba ta canja a rumbun bayanai ba wanda zai sani sai ranar da lissafi ya ƙi haɗuwa.

Malam Na-Gefe: Ni dai abin da ke damuna, me ya sa kuke ta cewa RAM? Ba mu da ƙwaƙwalwa a Hausa?

Ɗan Linux: Ƙwaƙwalwa ai furosesa ce, ita ke tunani.

Malam Na-Gefe: To ma'adana.

Ɗan Linux: Ma'adanar da in an ɗauke wuta komai ya zube?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, zan rufe. Abin da aka cimma: babu hujjar cewa kayan jabu ne, kuma ya kamata masu saye su daina ɓata sunan 'yan kasuwa, mu da muke kawo muku kaya da guminmu. Oga Sabo ya janye maganarsa a kan na hannu. Batun suna a Hausa a bar shi sai wani lokaci.

Oga Sabo: Yallaɓai, yaushe na janye?

Baban Khalifa: Hajiya, yanzu na duba. Tsofaffin R ne, sababbin U. Amma ai mai kayan ya kamata ya tambaye ni, ko?