"Shaidar duniya ita ce ta lahira": to shaidar wa za a ɗauka?

Ɗan Kobi:
Assalamu alaikum jama'a. Shekaranjiya muka yi jana'izar wani dattijon unguwarmu a nan cikin garin Bauchi, tsohon alƙali ne, sai da ya cika shekara 35 yana shari'a kafin ya ajiye aiki. Sahu har kan titi. A wurin zaman makoki liman ya yi 'yar nasiha, ya ce ku dubi wannan taro, shaidar duniya ita ce ta lahira. Sai wani daga can bakin tabarma ya ce, ba da ƙarfi ba amma an ji shi, "Ni dai ba a tambaye ni tawa shaidar ba." Ashe marigayin ya taɓa yi masa shari'ar gida bai ba shi gaskiya ba. Babban ɗan mamacin ya miƙe, da ƙyar aka zaunar da shi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Mutum biyu ke shiga gaban alƙali, ɗaya ya fito da murna, ɗaya ya fito yana ƙunƙuni. To shaidar wanne ce ta lahirar?

Malam Na-Jahun:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa. Karin maganar tana da tushe. A hadisin Anas da ke cikin Bukhari da Muslim, an wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Manzon Allah (SAW) ya ce ta wajaba. Aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta wajaba, sannan ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Amma malamai sun ce shaidar mutanen kirki ake nufi, waɗanda suka zauna da mutum. Wanda aka kayar a kotu, ko a gaban alƙalin duniya ba a karɓar shaidarsa a kan abokin gabarsa.

Direban Azare:
Alhamdu lillahi da Malam ya sa wannan sharaɗi. Da taro ne shaida, ai wasu sun gama shiga aljanna tun ranar kamfen, da taliya da atamfa da dubu bibbiyu.

Maman Hanifa:
Direba kai dai ba ka rabo da tsokana. Ɗan Kobi, na gane wanda kake nufi, katanga ɗaya ta raba mu. Ya shiga aikin ne ba da jimawa ba bayan an karɓe kotuna daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a 1968, lokacin muna Jihar Arewa maso Gabas, sai an je Maiduguri a kan komai. Ya zauna Ningi, ya zauna Darazo, har Dukku ya yi kafin a yanke Gombe a 1996, kuma yana kan kujera aka kafa kotunan shari'ar Musulunci a 2001. Duk garin da aka tura shi da iyalinsa yake tafiya, bai taɓa barin su a baya ba. Uwargidansa ta ce mini ba ya cin abincin kowa a garin da yake alƙalanci, ko na suna ne, sai dai yaro ya bi shi kotu da kwanon gida a ɗaure cikin ɗankwali. Bayan ritaya kullum da asuba za ka ji muryarsa a soro yana biya wa jikoki allo. Marayun ƙaninsa shi ya riƙe su har ya aurar, kuma ba ka bambance su da nasa ko a ɗinkin salla. Ni wannan ce shaidata.

Lauya Ƙarami:
Allah Ya gafarta masa. Amma Malam, da girman kujerarka, idan muka ce duk wanda aka kayar ba a jin ta bakinsa, to wa zai faɗi laifin alƙali? Don me aka buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara? Kuma hadisin nan na alƙalai uku, biyu a wuta ɗaya a aljanna, bai ce a duba yawan masu sallar gawa ba. Kyautata wa iyali daban, adalci a kan kujera daban. Ba marigayin nake nufi ba, ƙa'ida nake faɗa.

Gimbiyar Misau:
Ku bari in ba ku labarin kakata, don ita ma wadda aka kayar ce. A 1973 ne, shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira, ga fari ya sa mutane a gaba. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Tana da saniya guda, wata ja mai farin goshi, mahaifinta ya ba ta lokacin aure, amma a garken mijin take kiwo. Da aka zo rabon gado sai yayyen mijin suka ce ai mamaci ma a garken gidansu yake, saniyar tasu ce. Inna ta yi goyo ta taka da ƙafa har gaban alƙali, wani daban, ba wannan na Bauchi ba.

Alƙali ya ce ina shaidunki? Mahaifinta ya rasu, wanda ya koro saniyar ranar biki ya tafi cin rani kudu babu labarinsa. Ya ɗaga shari'ar, ya ce ta je ta nemo ko mutum ɗaya ne ta haɗa da rantsuwa. Ta zaga ƙauyen kaf. Kowa ya san saniyarta ce, amma kowa na cin bashin hatsi a gidan yayyen nan, babu wanda ya yarda ya buɗe baki. Da aka koma, sai rantsuwa ta faɗa kan babban wan. Inna ta ce alƙalin ya daɗe yana kallonsa, ya tura shi ya yi alwala, ya dawo, ya ce masa, "Ka sani Annabi ya ce wanda aka yanka wa haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya baki, yankin wuta aka yanka masa. Ka ji?" Ya ce ya ji. Ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse. Shi ke nan, saniya ta tafi.

Direban Azare:
Innalillahi. A kan saniya ɗaya!

Gimbiyar Misau:
Ban gama ba. Bayan kwana biyu sai ga almajiri da jaki, an ɗoro buhun gero, wai matar alƙali ce ta aiko. Inna ta ce a mayar, ita saniyarta take so ba sadaka ba. Aka mayar. Washegari matar da kanta ta zo cikin lulluɓi bayan magariba, ta zauna a bakin murhu ta yi ta ba ta baki, ta ce Malam bai runtsa ba tun ranar. Sai ta karɓa saboda yara. Geron nan shi ya kai su kaka. Amma har Inna ta koma ga Allah, in aka ambaci alƙalin sai ta ce, "Mutumin kirki ne, bai ci kwabon kowa ba, amma bai ba ni saniyata ba." Ba ta taɓa faɗin rabin maganar ta bar rabi ba. To Malam, wannan shaida wane littafi za a rubuta ta?

Malam Na-Jahun:
Allahu akbar. Ai wannan yabo ne, 'yata. Ya yi hukunci da zahiri kamar yadda aka umarce shi: hujja a kan mai ƙara, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ba shi ya cuce ta ba.

Lauya Ƙarami:
Ni kuma ban ji yabo zalla ba. Yana da damar ya aika a kira mai unguwa da makiyayin garken ya tsare su da tambaya. Shari'a saɓanin hankali, na yarda, amma buhun gero ba ya zama saniya.

Baffan Yara:
Ku kuna ta kan alƙali, ni mutanen ƙauyen nan ne suka ba ni haushi. Su ne fa "duniyar" da ake cewa shaidarta ita ce ta lahira. Sun ga gaskiya sun yi shiru saboda mudun hatsi. Irinsu ne za su cika sahu ranar jana'izar mai rantsuwar su ce mutumin kirki ne.

Direban Azare:
Baffa ai har yau suna nan, sai dai yanzu ba mudu ake ba su ba, kati ake rabawa. Akwai wanda ya dafa Alƙur'ani a gaban kyamara ya ce zai yi mana hanya, yau ramin da ke hanyar har sunansa muka sa masa. In na zo wurin sai in ce wa fasinja ku riƙe da kyau, ga mai girma nan.

Maman Hanifa:
Direba za ka sa a rufe mana zauren nan. Gimbiya, shi wan da ya rantse, yaya ya ƙare?

Gimbiyar Misau:
Anti, na san abin da kike so in ce, amma lafiya lau ya ƙare. Ya je Makka, ya tsufa, ya mutu a ɗakinsa. Saniyar kuwa ta yi ta haihuwa. Jikokinsa muna gaisawa, wata ma ajinmu ɗaya a sakandare.

Ɗan Kobi:
To ni yanzu kun ƙara rikita ni. Ɗan marigayi alƙalin unguwarmu ya ce gobe zai je har gida ya sami mutumin nan da ya yi magana a zaman makoki ya ji ko akwai haƙƙinsa a kan mahaifinsu kafin a raba gado. Wasu na cewa kada ya je, zai buɗe ƙofa kowa ya zo da tasa.

Baffan Yara:
Ya je mana, amma ya tafi da dattijo. Malam, ni tambayata daban ce: jikokin mai rantsuwar nan, in suka ji labarin yau, saniya ɗaya za su biya ko har da duk abin da ta haifa tun 1973?

Direban Azare:
In har da 'ya'yan ne, Gimbiya, ni zan yi jigilar su kyauta. Ki dai cire mini ɗan maraƙi ɗaya.