Yara masu buƙata ta musamman da koyon rawa: wa ya taɓa gwadawa?

Uwar marayu, Kaduna:
Assalamu alaikum. 'Yata shekararta 9, da sanda take tafiya. A makarantarsu ana koyon rawar gargajiya saboda bikin ƙarshen zango, ita kuwa kullum kujera ake ba ta a gefe, ta tsare wa sauran takalmansu. Ranar Alhamis ko abinci ba ta ci ba. Don Allah wanda ya bi ta nan ya ba ni shawara.

Mazauniyar Landan:
Wa alaikumus salam, Yaya. Ɗana a keken guragu yake, kuma ajinsu haɗe yake da masu ƙafa. Abin ya daɗe a nan. Tun 1991 Celeste Dandeker, wadda ta ji rauni a ƙashin baya tana cikin rawa a dandali, ta kafa ƙungiyar rawa ta Candoco, wadda ta haɗa masu buƙata ta musamman da sauran masu rawa, tare da Adam Benjamin. Malamar ajin ɗana ba ta cewa a ɗaga ƙafa. Cewa take kowa ya miƙa sama da gaɓar da ta fi yi masa sauƙi, wani da hannu, wani da kafaɗa, ɗana da haɓarsa. Ki je ki samu malamar 'yarki ku biyu, ki roƙe ta ta gwada haka. Ko sisi ba za ta kashe ba.

Malamin kurame, Kano:
Hajiya, nawa ɗaliban ba sa jin ganga da kunne, amma jikinsu yana ji. Ina sa su cire takalma su hau dakalin katako, a ɗora gangar a kai, girgizar ta riƙa bi ta tafin ƙafa. Sabon yaro yakan fara ɗora hannu a jikin gangar har ya kama bugun. Ƙirga kuwa da maganar hannu nake yi, ina tsaye inda kowa ke ganina. Siminti ba ya ɗaukar girgiza sosai, a nemi katako.

Matashi mai shan inna, Maraɗi:
Mama, ni abin da ya fi ƙona min rai tafin tausayi ne. Na kuskure bugu, a tafa. Na yi daidai, a tafa. Sai da na samu malamin da ya ce min "sake, ba ka yi ba" sannan na fara iyawa. Ki gaya wa malamar ta riƙa gyara mata kamar kowa. Kuma kada wani ya karɓe mata sandar ba da izininta ba, a sa sandar cikin rawar.

Uwar marayu, Kaduna:
Allah Ya saka da alheri. Litinin zan je in ga malamar, in sha Allahu. Malam, sanda ba ta zamewa a kan katakon nan?