Manhajata ta Android tana buɗewa sau biyu idan an turo mata hoto

Sabon_Magini: Assalamu alaikum. Idan manhajata tana buɗe, sannan aka turo mata hoto daga WhatsApp ta hanyar ACTION_SEND (saƙon da Android ke amfani da shi wajen tura abu daga wata manhaja zuwa wata), sai wani sabon kwafinta ya taso, tsohon kuma yana nan daram. Yaya zan hana wannan?

Injiniya_Kano: Wa alaikumus salam. Dalilin shi ne launchMode (tsarin da ke tantance yadda ake buɗe shafin manhaja) na asali, wato standard, yana ƙirƙirar sabon Activity (wato shafi ɗaya na manhaja) duk lokacin da saƙo ya iso, sau da yawa ma a cikin jerin shafukan manhajar da ta turo. Ka sauya launchMode zuwa singleTask a AndroidManifest.xml (fayil ɗin saitunan manhajar) don a riƙa amfani da shafin da ke buɗe, ka karɓi saƙon a onNewIntent(), sannan ka kira setIntent() don ajiye sabon saƙon, domin in ba haka ba getIntent() zai ci gaba da ba ka tsohon saƙo.

Malama_Lambobi: Maganar Injiniya daidai ce, amma a yi hattara, domin singleTask yana rufe duk shafukan da ke saman wancan Activity, har mai amfani ya rasa rubutun da bai adana ba. Ni na fi son ƙaramin Activity na daban wanda zai karɓi hoton, ya miƙa shi ga babban shafin manhajar tare da FLAG_GRANT_READ_URI_PERMISSION (izinin karanta hoton), sannan ya kira finish() don rufe kansa.