Rijiya za mu haƙa ko ƙanne za mu tura?

Injiniya: Salam jama'a. Tunda sakatare ya ce kowa ya kawo ra'ayinsa kafin mitin ɗin Asabar bari in faɗi nawa tun yanzu. Ni ban goyi bayan a kwashe kuɗin asusu a haƙa burtsatse ba, haka ma rabon kayan azumi da ake cewa a maimaita bana. Ba wai babu lada ba ne, akwai, amma wannan aikin kowace ƙungiya tana yinsa, 'yan kasuwar Kwari in suka tashi rabo wlh namu ko zakkarsa bai kai ba. Abin da muke da shi wanda babu a hannun kowa shi ne mun san hanyar da muka bi muka samu sikolashif. A wajena ƙungiyar tsofaffin ɗalibai aikinta ɗaya ne, ta tura na baya, kuma duk shugaban da za mu zaɓa da wannan ya kamata a auna shi: mutum nawa suka wuce a zamaninsa

Hajiya Ma'aji: Toh fa. Injiniya ka taɓa zuwa unguwar da muka ce za a yi rijiyar kuwa? Yara da asuba suke fita da jarkoki, wasu sai an tashi daga darasin farko suke isa makaranta, kai kuma kana maganar masta a Ingila

Injiniya: Na je Hajiya. Kuma na san in muka haƙa, bayan shekara in famfon ya lalace ba mu da kuɗin gyara, mun riga mun ɗau hoto mun watse

Barista: Ni ina tare da Injiniya amma bari in ba da dalili don kar a ɗauka son zuciya ne. Ku ɗauki sikolashif ɗin Chevening tunda mu da yawa a nan ita ta kai mu. Tun 1983 gwamnatin Birtaniya take bayarwa, masta ce ta shekara ɗaya, kuɗin makaranta da jirgi da na abinci duk a kansu. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne, digiri, sai aikin shekara biyu wanda suke ƙirgawa awa 2,800 kuma har aikin sa-kai yana shiga, sai ka zaɓi kwas uku, sai rubutu guda huɗu: shugabanci, iya hulɗa da mutane, me ya sa Ingila, da me za ka yi in ka dawo. A rubutun nan ake zubar da yaranmu. Yaro ya shekara biyar yana riƙe da islamiyyar dare a unguwarsu, shi ya tara iyaye, shi ya roƙi mai unguwa fili, shi ya sasanta malamai da suka yi rigima kan alawus, amma ka ce ya rubuta shugabancin da ya taɓa yi sai ya ce ai shi bai taɓa riƙe muƙami ba. Wallahi na ji wannan da kunnena ba sau ɗaya ba. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, su kuma masu tantancewa abin da ka rubuta kawai suke gani. Wa zai zaunar da yaron nan ya ce masa abin da ka yi a islamiyya shi ne amsar, in ba mu ba? Mai haƙa rijiya ba zai iya ba

Anti Nas: Barista maganarka tana da daɗi amma ina da tambaya ɗaya, su waye yaran? Don bara da aka ce kowa ya kawo wanda za a duba wa rubutu, ku koma ku duba sunayen, ƙanin wane, ɗiyar yayar wance, abokin aikin wane. Duk 'ya'yan gidan boko ne waɗanda ko babu mu za su samu mai duba musu. In haka za a ci gaba to ba al'umma muke ginawa ba, danginmu muke ginawa da sunan al'umma, gara rijiyar ko ba komai wanda bai san mu ba zai sha

Auta: Anti ta fasa ƙwai 😂

Barista: Anti wannan matsalar yadda aka yi sanarwa ce ba matsalar aikin ba. A guruf aka saka, wa zai gani in ba na kusa ba

Anti Nas: To ai shi ne. Kuma ko an sanar a rediyo, yaron da zai iya nema ya riga ya gama jami'a da sakamako mai kyau, yana da kwamfuta ko mai ara masa, yana da kuɗin fasfo da na karɓo taransikirif. Wanda ya kai nan ya riga ya tsallake, ku kuna so ku kashe duk abin da muka tara a kan wanda ya tsallake

Yaya Dakta: Assalamu alaikum. Na karanta duka. Ni da sikolashif ɗin Commonwealth na tafi, wadda ta girmi Chevening nesa ba kusa ba don tun 1959 take, kuma a lokacinmu ta hukumar sikolashif ta tarayya ake bi, babu guruf babu intanet, wani malamina ne ya kira ni ofis ya miƙo min fom ya ce cika. Don haka ba zan raina maganar Injiniya ba, da mutum ɗaya bai tuna da ni ba da ban fita ba. Amma ƙannena ku duba tarihin da ke gabanmu. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, ta koma Kaduna, ta koma Zariya ta zama Barewa, ita ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari da 'Yar'aduwa, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta tana nan har gobe. Abin da ya sa ake ganin girmanta ba don 'ya'yanta sun san juna ba ne kawai, don mutanen gari sun ga abin da wasunsu suka yi da ilimin. Ƙungiyar da ba a ganinta sai a otal ranar taron shekara, jama'a ba za su yarda da ita ba, kuma ranar da kuka je ƙauye kuna cewa a bar yarinya ta tafi karatu ba wanda zai saurare ku. Rijiyar da kuke rainawa ita ce za ta sa a buɗe muku zaure

Injiniya: Allah ya ƙara girma Yaya, amma da izininka, misalin Barewa ni yake goya wa baya. Ba da burtsatse aka san su ba, da mutanen da suka fitar aka san su

Yaya Dakta: Makarantar ce ta fitar da su ƙanina, ba ƙungiyar ba. Kada mu ɗau aikin da ba mu muka yi ba mu rataya a wuya

Auta: Ni dai a yi min afuwa, kullum in ana magana a nan sai ka ga kamar kowa Ingila ya je. Mu da gwamnatin Kano ta kai Indiya fa? Babu rubutun shugabanci babu intabiyu a ofishin jakadanci, sakamakonka ne da takardar ƙaramar hukuma da tantancewa. An tura ɗalibai 501 zamanin Kwankwaso, a 2023 aka sanar da 1,001 zuwa Indiya da Yuganda, wannan ƙofar gwamnati ce take buɗe ta ta rufe ta, ba ni da abin da zan koya wa ƙanina sai dai in ce ya dage ya fito da sakamako mai kyau. To in aka ce aikin ƙungiya tura na baya ne kawai kuma da shi za a auna shugaba, kun ga kenan an gama zaɓe tun kafin a fara, 'yan Ingila ne za su yi ta mulki mu muna biyan kuɗin wata

Barista: Haba Auta wa ya kawo maganar mulki

Auta: Injiniya ne ya kawo, koma sama ka karanta. Kuma tunda aka kafa ƙungiyar nan wa ya taɓa zama shugaba cikin 'yan Indiya ko Sudan ko Malesiya? Alhali mu muka fi yawa, ranar aikin gayya mu ne muke ɗaukar buhu

Sakatare: Dan Allah a tsaya kan batu ɗaya, maganar karɓa-karɓa tana cikin ajanda daban

Hajiya Ma'aji: Ba daban ba ne sakatare, abu ɗaya ne. Abin da aka ce shi ne aikin ƙungiya shi zai nuna wa ya cancanci riƙe ta

'Yar Kumasi: Salam, yanzu na tashi daga aiki. Ni gidauniyar Mastercard Foundation ce ta ɗauki nauyin karatuna a jami'ar KNUST da ke Kumasi a Ghana, shirin da suka fara a 2012, kuma mu tun muna aji ɗaya ake cusa mana cewa sai ka mayar wa al'umma, ba sai ka gama ba, lokacin hutu muna shiga zango muna koyar da yara. Abin da na gani shi ne ku duka biyun kuna tsallake tsakiya. Injiniya yana can sama wajen masu digiri, Hajiya tana ƙasa wajen jarka, to 'yar aji biyar na sakandare da ake shirin cire ta fa? Mu mata ba rubutu ne yake tare mu ba. Ku tambayi duk macen da ke guruf ɗin nan, kafin ta kai ga fom ta sha tambayar wa zai riƙe yara, mijinki ya yarda, me mutane za su ce. Chevening ɗin ma ba ta biyan kuɗin iyali, shekara guda za ki bar gida. Abin da na ga yana aiki shi ne mace da ta je ta dawo da aurenta da mutuncinta ta shiga gidan ta zauna da uwar yarinyar, ko Yaya Dakta irinsa ya je ya gaida uban. Wannan ba ya cin kuɗin asusu sai na mai, amma ba wanda yake so don babu hoton da za a saka

Anti Nas: Allah ya yi miki albarka ƙanwata

Injiniya: Ai wannan tura na baya ne, shi nake faɗa

'Yar Kumasi: A'a Yaya, kai ka ce a ƙirga mutum nawa suka wuce a zamanin shugaba. Yarinyar da na ce sai bayan shekara bakwai ko takwas za ta kai ga neman masta, shugaba uku sun sauka. In da ƙirge za a auna, ba shugaban da zai kalle ta, kowa zai nemi wanda ya kusa nuna ne ya tsinka

Barista: Akwai wani haɗarin ƙirgen ma da ya kamata in faɗa ko da yake ɓangarenmu yake cuta. In aka matsa sai an ga adadi, mutane za su fara rubuta wa yara da kansu ko su saka manhaja ta rubuta, su kuma Chevening sun faɗa ƙarara suna bincikar satar rubutu kuma ba su yarda na'ura ta rubuta maka ba, ana kama ka an cire ka. Ko ka tsallake ma ranar intabiyu kai kaɗai za ka zauna gabansu a Abuja ko Legas su tambaye ka abin da ba kai ka rubuta ba. Dole in za a yi a kafa doka, gyara da tambaya kawai, ba a taɓa wa yaro alƙalami

Hajiya Ma'aji: Kuma tunda ana maganar sharuɗɗa Barista ka manta ɗaya, sun ce ka koma ƙasarka aƙalla shekara biyu bayan ka gama. Don me? Don ka zo ka yi ta shirya wasu su ma su tafi? In kowa aikinsa tura wani ne to yaushe za a yi aikin da aka tura mu mu koyo. Kai injiniyan ruwa ne fa Injiniya, abin da ka karanta kenan, ka ce famfo zai lalace, to wa ya fi ka sanin yadda za a kafa kwamitin unguwa da zai riƙa karɓar naira kaɗan a jarka don gyara

Auta: Hajiya ta kama shi 😂😂

Injiniya: Lokacina zan bayar kyauta, in auna wuri in duba ɗan kwangila, ban ƙi ba. Kuɗin asusu ne na ce a'a. Kuma akwai hanyar da ba a duba ba, Chevening tana da ɗan asusu da tsofaffin ɗalibanta suke nema ta ofishin jakadanci don ayyuka, masu ba da tallafi ma suna nan, amma wa zai ba ƙungiyar da ba ta da rajista, kuɗinta yana asusun mutum ɗaya

Hajiya Ma'aji: Asusun mutum ɗayan nawa ne, kuma kullum nake roƙo a raba ni da shi

Barista: Rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ba wuya ba ce, amintattu za mu fitar, da kundin tsarin mulki, a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Abin da ya tsayar da mu shi ne sashen manufa, an kasa yarda a kan me za a rubuta, wato wannan rigimar da muke yi yanzu

Yaya Dakta: To a rubuta duka biyun mana, takarda ba ta ƙin tawada

Injiniya: Yaya in aka rubuta duka to azumi na zuwa za a ce ga shi a kundi, a kwashe kuɗin, watan Agusta ya zo a buɗe fom ɗin Chevening ba mu da ko na hayar ajin da za a koya wa yara rubutu da janareta

Anti Nas: In kuna so in yarda da ajin, sharaɗina biyu. Ba ɗan'uwan ɗan ƙungiya ko ɗaya a zagayen farko, kuma a fita daga birni, a je kwalejojin ilimi da jami'o'in jihohi, Gumel, Gashuwa, Azare, ba wai a kama ɗaki a Nasarawa GRA a ce an yi wa Arewa aiki ba

Injiniya: Na biyun na yarda. Na farkon zalunci ne, ƙanina laifin me ya yi

Anti Nas: Yana da kai a gida, ka duba masa da daddare

Sakatare: Toh. Abin da zan saka a ajanda: a raba asusu kashi nawa, sharaɗin Anti Nas, ziyarar gidaje da 'Yar Kumasi ta kawo, sai amintattu na rajista. Wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ƙuri'arsa kafin Juma'a da daddare

Auta: Karɓa-karɓa fa? Ka ce tana ciki

Sakatare: Tana ƙarƙashin sauran batutuwa

Auta: Bara ma can aka saka ta magariba ta yi aka tashi. A dawo da ita ta ɗaya ko kuma 'yan Indiya mu riƙe kuɗin watanmu, na gaya muku tun yanzu