"Kasuwa alƙali": wai wane irin alƙali ne?

Ɗan_Singa: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a huɗubar Juma'a limaminmu ya tabo tsadar abinci, ya ce ya kamata hukuma ta yanka wa 'yan kasuwa farashi. Muna fitowa wani dattijo mai awo ya ce "kasuwa alƙali", wani matashi ya ce masa wannan maganar masu ɓoye kaya ce. Da ƙyar aka raba su. To karin maganar nan cewa take hukuma ta cire hannunta, ko kuwa?

Almajirin_Zaure: Wa alaikumus salam. Dattijon yana da madogara. A hadisin Anas, kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba, ya ce Allah ne Mai sa farashi. Amma shi ma yaron bai yi ƙarya ba, a hadisin Sahihu Muslim an ce babu mai ɓoye kaya sai mai laifi.

Maman_Hassana: Ku kun kai ta da nisa. Mu a wajenmu in kin kai akuya kin sa mata kuɗin da ke ranki, aka taya ƙasa, sai dillali ya ce kasuwa alƙali. Lallashi ne kawai, don ki sallama.

Bakatsine: Bari ku ji ta kakata, Allah Ya jiƙanta. A 1984, lokacin kwanturol, sojoji na shiga kasuwa da bulala suna sa a sayar da kaya a farashin gwamnati. Kafin ka ce kwabo sukari da madara da Omo sun ɓace daga kantuna, sai layi tun asuba. Ita kuwa tsohuwa tana kulle, 'yar sana'arta a ɗaka take yi. Wani ɗan'uwanta mai kanti ya kwaso kayansa da dare ya jibge mata, ta cusa a ƙarƙashin gadon ƙarfe ta jera kwanukan jere a gaba. Mata suka riƙa aiko yara da kwano a rufe kamar an kawo tuwo. Ran nan bayan isha'i sai ga wata mata ta yi sallama, jaririnta ba madara. Ashe matar ɗaya daga cikin masu bulalar ce! Tsohuwa ta gane ta sarai, ta sayar mata a farashin ɗaka, ta ɗora mata gyara, ta ce, "Ki gaida maigidan, ki ce alƙalin da ya kora daga kasuwa yana nan ƙarƙashin gadona."

Maman_Hassana: Hahaha! Allah Ya jiƙan Hajiya. Amma fa Bakatsine, kakarka ɓoye kaya ta yi, Malam ya karanto hadisinta a sama.

Bakatsine: Haba Maman Hassana, mai ɓoyewa jira yake kaya su yi tsada. Ita sayarwa take kullum. Bulala ta ɓoye wa, ba mutane ba.

Kwankwason_Gaskiya: Ni abin da ke ba ni haushi, manyanmu ba sa tuna alƙalin nan sai in zai yanke musu daidai. Da za a cire tallafin mai a Mayun 2023, cewa aka yi a bar kasuwa ta yi halinta. To a 2019 da aka rufe boda shinkafa ta tashi, alƙalin hutu ya tafi?

Ɗan_Singa: An tura shi Umara da kuɗin mazaɓa.

Bamaraɗe: Mu nan Nijar ma a 2024 an hana fitar da hatsi waje. Mai saye ya ji daɗi, manomin da ya saba kai wake Jibiya ya ji a jikinsa. Kowa da alƙalinsa.

Kwankwason_Gaskiya: A shekarar ce ma aka garƙame rumbuna a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Wanda ya ɓoye taliyar rabon tallafi har sai zaɓe ya zo, shi wa zai garƙame nasa?

Almajirin_Zaure: Jama'a a bar siyasa. Ni ma asali "kasuwa a kai miki dole" na fi ji a bakin dattawa.

Maman_Hassana: Wannan ai wata ce daban, Malam. Bakatsine, matar sojan ta sake dawowa?

Bakatsine: Har bashi ta ci. Tsohuwa ta rasu tana bin ta kuɗin gwangwani biyu.