Motata Golf 3 tana shanye ruwa, allura na hawa, hita kuma sanyi take busowa

Ɗan Tudun Jos:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin mota ku taimaka min. Golf 3 ce mai injin 1.8, 'yar Kwatano, da ita nake zirga-zirga tsakanin Jos da Akwanga. Tun shigowar hunturun nan ta fara shan ruwa, in na cika ƙwallon nan na roba da ake zuba ruwan injin da safe kafin kwana kaɗan ya sauka ƙasa da layin min, wato layin ƙasa, kuma na duba ƙarƙashinta inda take kwana babu ko ɗigo. A kan titi miƙaƙƙe allurar zafin injin na zaune a digiri 90 lafiya lau, amma da na kama Hawan Kibo ko na shiga cunkoso wajen Terminus sai ta fara hawa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne hita, injin na zafi kamar ya tafasa amma iskar da take busowa sanyi ƙalau, sannan da asuba gilashin gaba yana yin hazo ta ciki. Wani bakanike ya ce a cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in injin ya yi zafi, a haɗa fankar lagireto darek ta riƙa juyawa kullum, wani kuma ya ce tof gasket ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, sai an sauke kan injin. Wanne zan bi?

Mai Sharon:
Wa alaikumus salam. Malam cire tamostat ɗin kawai ka huta, ai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan duk motocin layinmu an cire musu kuma suna tafiya.

Tsohon Bakanike:
Ɗan uwa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Kar ka bari a sauke maka kan injin yanzu, kuma da izinin mai Sharon ban yarda da cire tamostat ba, don tamostat ba ya shan ruwa. Motarka ruwa take zubarwa a wani waje, kuma ai ka faɗi wajen da bakinka ba ka lura ba.

Hitar mota wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ke cikin dashbod, ruwan zafin injin ke bi ta cikinsa fanka ta buso maka ɗumin. A Golf 3 ruwa na zagawa ta cikinsa kullum, ko ka kunna ko ba ka kunna ba, maɓallin ƙofar iska kawai yake juyawa. To in ya huje ruwan ba zai ɗiga a ƙasa ka gani ba, cikin kafet yake tsiyaya, shi ne hazon da kake gani a gilashi. Je ka ɗaga kafet na gefen mai zaman banza ka sa hannu har kan soson da ke ƙasa, in ka ji danshi ko wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi to an gama magana. Ita kuma hitar ta daina ɗumi ne don ruwa ya yi ƙasa iska ta shiga layin, inda iska ta tsaya ruwan zafi ba ya wucewa, wannan iskar ce kuma take sa allura ta hau in injin ya ɗauki nauyi a hawa.

Ka duba kuma robar nan da tiyo ke shiga a gefen kan injin, wadda sensa ke jikinta. Motar da aka daina ƙerawa tun wajen 1997 ai robarta ta gaji, takan tsage siriri ruwan ya riƙa ƙonewa a jikin injin, sai dai ka ga farin tabo kamar gishiri.

Gasket kuwa yana da alamunsa, ba a yanke masa hukunci da ka. Da safe injin na sanyi buɗe murfin ƙwallon ka tayar, in kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko tiyon sama ya yi tauri nan take tun injin bai ɗau zafi ba, ko salansa na ta farin hayaƙi mai kauri ko bayan an yi tafiya, ko ka ga baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, to a nan ne za a yi zancen gasket. Ɗan tururin asuba a sanyin Jos ba komai ba ne, kowace mota na yi.

Injiniya Ɗan Bauchi:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi a kan murfin ƙwallon don mutane na raina shi. Ruwa a 100 yake tafasa a bakin teku, a Jos kuwa da take sama da mita 1,200 wajen 96 ma ya tafasa, alhali fankar lagireton motar sai wajen 95 take tashi, kun ga tazarar ba ta da yawa. Murfin nan shuɗi shi ke riƙe matsi a layin har ruwa ya kai wajen 120 bai tafasa ba, in robarsa ta mutu sai ruwa ya riƙa fita a tururi kaɗan-kaɗan. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, canja shi tare.

Tamostat ɗinta a 87 yake fara buɗewa. In aka cire, a sanyin Filato injin zai daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ta sha mai fiye da ƙima, hitar da kake nema ma ba za ta yi ɗumin kirki ba. In ana zarginsa a ciro a jefa cikin ruwan zafi a kan wuta, in bai buɗe kafin ruwa ya tafasa ba a sa sabo.

Sai abin da ke kashe mana waɗannan hitoci, zallar ruwan rijiya ko na borehol da muke ɗurawa shekara da shekaru, shi ke kawo tsatsa da dasƙararren farin abu a ciki. Bayan gyara a wanke layin a zuba kulan, wato ruwan sanyaya injin na kanti, rabi, ruwa mai tsafta rabi, kuma kar a gauraya kulan shuɗi G11 da ja G12. Don Allah kar ka taɓa buɗe murfi tana cikin zafi, na ga wanda ruwan ya saɓule wa fatar hannu.

Mai Sharon:
To ni dai tawa tana Kano-Kaduna babu tamostat, amma gaskiya man da take sha da safe ya fi na da, ban taɓa haɗa su ba.

Ɗan Tudun Jos:
Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Yanzu na ɗaga kafet, wallahi soson jiƙe yake sharkaf har ƙarfen ƙasan ya fara tsatsa. Na gwada na kumfar ma ban ga komai ba, mai kuma baƙinsa lafiya. Amma an ce sai an kwance dashbod gaba ɗaya kafin a kai ga hitar, ni kuma aljihu ba nauyi a watan nan.

Tsohon Bakanike:
Amin ɗana. Haka ne, aikin yini guda ne kuma sai mai haƙuri da hannu don robobin sun bushe. Kafin ka samu hali, akwai tiyo biyu da suka shiga bangon da ke bayan injin, a zare su a haɗe su da guntun bututu a ɗaure da kilif mai kyau, zubar za ta tsaya sai dai ka haƙura da ɗumi. In an cika ruwa a bar ta tana aiki murfi a buɗe ana matsa tiyo har iska ta gama fita, a rufe, a tsaya a ga fanka ta tashi da kanta ta kuma tsaya da kanta kafin ka sake tunkarar Hawan Kibo. Kafet ɗin kuma a fitar da shi ya sha rana.